Kafin Su Zo Auna Jan Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Daga mahaifinka Mati zuwa ga ɗana Hamisu. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya sa sabon wuri ya karɓe ka, ya tsare ka daga sharrin mai fushi da kai, ya fi tsare ka daga sharrin mai yi maka dariya. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Labarin gida ba zan ba ka ba. Duk wanda ya zo sakatariya neman wani abu a wurinka zai ba ka shi kyauta, har da ƙari.

Malam Sabo mai shagon magani ne ke rubuta mini wannan, tunda ka san ni da rubutun boko sai kallo. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana, in mun gama kuma ya karanta mini daga farko. In ka ga wani wuri ya yi laushi, hannunsa ne, ba bakina ba.

Ranar da aka zo ɗaukar ka ban samu zama da kai ba. Gida ya cika da maroƙa da 'yan jam'iyya, mutanen da ko ranar sunanka ban gan su a zauren nan ba, kowa sai ranka ya daɗe kansila. Da ma ko mun zauna ka saba katse ni, ka ce Baba zamani ya canza. Takarda ba a katse ta, shi ya sa na zaɓe ta.

Ga maganar. An naɗa ka kansila mai kula da aikin gona da albarkatun ƙasa. Sabo ya ce albarkatun ƙasa na nufin daji da ruwa da itace, duk abin da Allah ya ajiye ba wanda ya shuka. To, na ji. Kuma duk garin nan an sani cewa da an gama girbi kwamitin ƙaramar hukuma zai zo ya auna Jan Ruwa, a yanka gefensa da burtalin da shanu ke bi su shiga cikinsa, a mai da su fuloti-fuloti, a raba wa masu noman rani da inji. Jan Ruwa shi kaɗai ne mashayar da ta rage mana, daga nan har ka doshi iyaka. Takardar wannan aiki kuwa ta teburinka za ta bi.

Tun da aka kawo labarin naɗinka tambaya ɗaya ke cina. Don me kai? Kai malamin firamare ne. Ba ka taɓa hawa bayan mota kana ihun jam'iyya ba. Ba ka da dukiya, ba ka da samari. Waɗanda suka yi wa ciyaman wahala har muryarsu ta dishe suna nan zaune a gindin bishiya, ko tsintsiyar ofis ba a ba su ba. Mahaifiyarka ta ce addu'a ce. Ban musa addu'a ba. Amma akwai abin da ba ta gani ba, don tana ciki tana daka lokacin.

Ana saura 'yan kwanaki a naɗa ka, ciyaman da kansa ya zo zaurena. Tun daga waje ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

Ya ce, “Baba Mati, an ce duk wata iyaka da ke ƙasar nan a kanka take.”

Na ce, “An dai faɗa.”

Ya ce, “Allah ya ƙara lafiya. Ai tsofaffi irinku yanzu hutawa ya kamata ku yi, ku bar yara su sha rana. Ina Malam Hamisu?”

Na ce, “Yana makaranta.”

Ya ce, “Mutum kamar Hamisu a bar shi da alli? Ai asara ce, Baba.”

Ya yaba awakina, ya tambayi gwiwata, ya tashi. Bai ambaci Jan Ruwa ba ko sau ɗaya, kuma da wannan na gane don shi ya zo. Ɗan siyasa in ya zo ya faɗi abin da yake so, da sauƙi. In ya zo ya tambayi gwiwarka, ka duba abin da ka mallaka.

Ni kuwa abin da na mallaka bakina ne. Ina bayan mahaifina ina riƙe masa gora shekarar da shi da mahaifin Ardo Buba, shugaban Fulanin rugar nan, suka dasa shingen aguwa gefe biyu na burtalin nan, gaban dagaci da wakilin hakimi. Duk wanda ya tsaya a wurin ranar ya rasu, sai ni. Ko an tumɓuke aguwar zan iya bi da sanda in nuna inda kowane gindi yake. Sun san haka. Don haka, Hamisu, ba kai aka ba kujera ba, bakina aka saya, aka biya da kai. Sabo ya ɗago kai ya ce in sassauta wannan. Na ce masa ya rubuta.

Ka san ni ban cika yarda na yi kuskure ba. Amma akwai wuraren da aka yi mini wayo, akwai inda na yi wa kaina, kuma gara ka ji su daga bakina yadda suke, ba yadda ake ba da su a majalisar ƙofar masallaci ana dariya ba.

Na farko zamanin En'e ne, ina sabon aure. Gonarmu ta tudu da ka sani fayau yanzu, lokacin gawo ne a cikinta reras. Gero a ƙarƙashin gawo ko ba taki sai ya fi tsawon mutum, da rani kuma 'ya'yan gawon su riƙe dabbobi. Wata shekara rani ya yi tsawo, awaki suka fara faɗuwa, na hau gawona na sassaro musu rassa. Ina saukowa sai ga malamin daji a kan keke, da kakinsa.

Ya ce, “Kai, wa ya ba ka izinin saran wannan?”

Na ce, “Gonata ce.”

Ya ce, “Gonarka ce. Itacen na En'e ne.”

Aka kai ni gaban dagaci, aka ci ni tara, ɗaya daga cikin awakin da na hau itacen dominsu ta tafi. Tun daga ranar, duk lokacin noma in na ga ɗan gawo ya tsiro sai in sa fartanya a saiwarsa tun bai kai a gan shi daga hanya ba. Ba ni kaɗai ba, duk tsaranmu haka muka yi. Muka ce wa zai raini abin da zai girma ya kira masa ɗan doka cikin gonarsa. Manyan suka tsufa suka mutu, babu na baya. Yau iska ke binne mana shuka, sai mu yi biyu kafin ta kama. In na ƙetara wajen dangin mahaifiyarka a Faransa, ina nufin Nijar yadda kuke cewa, sai in ga suna sassabe suna tsallake 'yan itatuwa, in ka tambaya su ce ai nasu ne. Ban san dokarsu ba. Na dai ga inuwa a gonakinsu.

Malamin dajin nan ba mugu ba ne, an ce masa ya tsare itace ne, ya tsare. Dokar da aka yi don itace ita ta sa na kashe itace da hannuna, ni kuma na yi wautar hukunta gonata don in huce haushin En'e. To yanzu kai ne za a riƙa kawo wa dokoki a ce ka sa hannu. Kada ka tsaya kan daɗinta in an karanta. Ka tambayi kanka abin da mutum irina zai yi da fartanyarsa bayan motarku ta juya. In amsar ba ta yi maka daɗi ba, dokar ba ta nuna ba tukuna.

Na biyu shi ne wanda kowa ya sani, har ake tsokanata da shi. Zamanin soja ne, lokacin da ake turo mana kantoma ya riƙe ƙaramar hukuma. Kana ƙarami, amma za ka tuna Tafkin Kanya, wanda kuke zuwa wanka ina bin ku da tsumagiya. Ya fi Jan Ruwa girma nesa, yakan riƙe ruwa har a ji ƙamshin damina. Wata rana ma'aikatan safiyo masu auna ƙasa suka zo da mota, dagaci ya aiko a kira ni in nuna musu wurare. A cikinsu akwai wani saurayi mai tabarau, mai ladabi ƙwarai, Baba kaza Baba kaza. Muna tsaye bakin tafki ya ce, “Baba, wannan tafkin na wane ne?”

Na ce, “Ba na kowa ba ne.”

Da alfahari ma na faɗa. Nufina babu mahalukin da ya isa ya ce nasa ne shi kaɗai, ko dagaci, ko hakimi.

Ya ce, “Babu mai shi ke nan?”

Na ce, “Allah ne mai shi.”

Ya yi murmushi ya rubuta. Shekara na zagayowa muka tashi muka ga turakun siminti, bayansu waya. An ba wani babban mutum daga birni da ya bar aiki, ya dasa mangwaro da gwaiba, ya sa mai gadi. Muka ɗunguma sakatariya. Kantoma bai fito ba, ina jin ko sunan garinmu bai iya faɗa ba. Sakatarensa ya fito ya ce, “Ai dattijonku ne ya ce ba na kowa ba ne. Abin da ba na kowa ba na gwamnati ne, gwamnati kuma ta ba wanda zai raya shi.”

A hanyar dawowa, da muka kusa gari, Ardo Buba ya juyo wurina. Sannan ya ce, “Kaɗo, da ka cire ‘ba’ ɗin nan guda biyu, da yanzu shanuna na shan ruwa.”

Na kowa ne. Abin da ya kamata in ce ke nan. Har gobe ban yarda na yi ƙarya ba, don a bakinmu na kowa ne da ba na kowa ba ne duk abu ɗaya muke nufi in ana maganar tafki. A ofis kuwa tsakaninsu ya fi tsakanin gabas da yamma. Kuskurena shi ne na amsa tambaya ban tambayi abin da za a yi da amsar ba. Ladabin yaron ya ɗauke mini hankali.

Yanzu kai ne mai tabarau. In ka tsaya bakin wani ruwa ko wani daji, wani tsoho ya ba ka irin amsata, kada ka yi murmushi ka rubuta. Ka sake tambaya. Wa ke sha a nan? Wa ke wanki? Wa ke ɗibar laka ya yi tubali, wa ke su in ruwa ya ja baya, matan wace unguwa ke yankan ciyawa a gefe? Duk wanda aka ambata maka, shi ne mai shi. Za ka tarar takardarka ba ta da gurbin da zai ɗauke su, an bar layi ɗaya tak na suna ɗaya. Wanda ya tsara takardar ya san abin da yake yi.

Na ga masu mulki iri-iri, kuma ban ga wanda bai ci ba, bambancin yadda ake ci ne. Dagacin da, kada ka ji ana yabonsa ka ɗauka waliyyi ne. Yana ci. Amma a hankali yake ci, don ya san a garin zai tsufa, ɗansa zai gaje shi, kuma wanda ya zalunta da safe da shi zai tsaya sahu ɗaya da azahar. In ya sayar da mashaya, shanunsa ma ƙishirwa za su ji. Kantoma baƙo ne, ya zo ya tafi, abin da ya bayar bai san kamanninsa ba. Ciyaman kuwa ɗan ƙasa ne, ya san komai, amma kwanakinsa a kujera ƙidayayyu ne, bayansa kuma akwai mutanen da suka hau da shi suna jiran sakayya. Baitulmali ba ya isar su. To me ya rage da za a raba wanda ba zai yi kuka ba? Daji da ruwa. Tafki ba ya jefa ƙuri'a. Masu shanu kuwa lokacin zaɓe rabinsu suna can kudu wajen kiwo. Dagacinmu na yanzu mutumin kirki ne, amma albashinsa ta sakatariya yake fitowa. Na je masa da maganar Jan Ruwa, sai ya hau ba ni labarin ciwon idonsa.

Na uku bai daɗe ba, kuma shi ya fi yi mini ciwo, don da girmana na yi shi. Da aka ce za a ƙaddamar da Shari'a, har da ni a motar da ta tafi taron, da wannan gwiwar. Na yi kabbara har na rasa murya. Limaminmu ya karanta mana a wa'azi cewa mutane tarayya suke a ruwa da ciyawa da wuta. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare. Na tafi ruga da ƙafata na ce wa Ardo Buba ya shirya, Tafkin Kanya ya dawo. Alkawari na yi masa, ba wai ina tsammani ba. Na sa shi ya bar kasuwar Mai'adua, muka tafi Daura muka shigar da ƙara.

Alƙalin ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Abin da liman ya karanta mana ya fi liman saninsa. Sannan ya ce, “Malam Mati, abin da ka faɗa haka yake a littafi. Amma filin nan yana da takardar gwamna, ƙasa mai takardar gwamna kuwa ba a ba wannan kotu hurumin taɓa ta ba. Sai babbar kotu, ku nemi lauya.”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, Shari'ar a bakin waya ta tsaya ke nan?”

Wasu suka yi dariya, ɗan sandan kotu ya harare ni. Alƙali bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “A kira na gaba.” Na gaban wani ne da ake tuhuma da satar tunkiya, kuma shi kotu tana da hurumi a kansa.

Ka fahimce ni da kyau, kada wani ya karanta wannan ya ce Mati ya soki Shari'a. Shari'ar Allah waya ba ta tare ta. An rufe gidajen giya, na ji daɗi. An gyara mudu a kasuwa, na ji daɗi. Amma mutane ne suka zauna suka zaɓi ƙofar da za ta shiga da wadda za a kulle mata, kuma ƙofar da filayensu suke ita aka kulle. Da na duba sahun gaba a wurin taron nan da kyau, da na ga fuskokin da suka yi wa kantoma fadanci. Kuskurena na ji an canza suna, na ɗauka an canza hannu. Na kuma ɗauki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba.

Don haka in mutum ya shigo ofishinka ya fara da aya kafin ya miƙo takarda, ka saurari ayar da ladabi, ka shafa, sannan ka karanta takardar kamar bai ce komai ba. Za su ce maka fulotan Jan Ruwa na talakawa ne, na marayu ne, aikin lada ne. Ka tambaye su wane maraya ne ke da injin ban ruwa. Ka ce a karanta sunayen waɗanda za a ba a ƙofar masallaci ranar Juma'a, da ƙarfi, kowa ya ji. In sun ce ba a haka, ka san abin da ke ciki.

Zuwana Daura bai tashi a banza ba, na koyo abu ɗaya. Abin da ya ɗaure hannun alƙali takardar gwamna ce. Jan Ruwa kuwa har yau ba shi da takarda. Muddin ba a auna shi an sa hannu ba, alƙali na iya jin maganarsa, kuma shaidar wanda ya ga dashen aguwa shaida ce. Ranar da aka sa hannu, ya bi Tafkin Kanya, bakina kuma ya zama na ba jikoki labari. Ka ga dalilin da ya sa ake so in huta bana, ba baɗi ba.

Kada ka ɗauka ina cewa mutanenmu tsarkaka ne. Burtalin nan da na sani shanu na tafiya a cikinsa garke guda ba su gogi juna ba, manomanmu ne suka fara cinsa, tun kafin kwamiti. Kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi, har kunyar ta ƙare gaba ɗaya. Fulanin ma akwai 'yan samarinsu da ke sakin shanu cikin wake tun ba a ɗebe ba, in ka yi magana su ce saniya ce ta ɓata. Kawunka Ilu kuwa, wanda sai ya yi wata bai leƙo ni ba, yanzu kullum yana nan da goro, yana ce mini, “Yaya, ai ruwan nan asararsa ake yi, shanu na taka shi kawai.” Na san an yi masa alkawarin fuloti. Ban tambaye shi ba, goron ya gaya mini. Kowa a cikin maganar nan yana da abin da yake so, har ni, don ina so in mutu ba a ce a gabana mashaya biyu suka tafi ba.

Amma ka yi wannan tunani. In an toshe burtali aka kewaye ruwa da tumatir da albasa, shanu ba za su yi fiffike ba. Za su ji ƙamshin ruwa su bi ta cikin gona. Na taɓa ɗaukar mutum a kan ƙyaure saboda saniya ɗaya da ta shiga rogo, ba na son sake gani. Ranar da hakan ta faru ciyaman ya gama wa'adinsa yana Katsina ko Kano. Kai kuwa gidanka na nan, 'ya'yanka na bin hanyar nan zuwa makaranta, kuma sunanka ne a ƙasan takarda.

Shekaranjiya Ardo ya zo. Ya tsufa shi ma, sai ya dafa bango yake zama. Ya ajiye ƙwaryar nono ya ce, “Kaɗo, an ce ɗanka ya zama gwamnati.”

Na ce, “An ce.”

Ya ce, “To in sayar da shanun ne, ko in ƙetara da su Faransa tun da sauran ƙafa?”

Na ce, “Ka jira.”

Ya ce, “Na jira ka sau biyu.”



To ga abin da na yanke, kuma na fi so ka ji daga gare ni kafin ka ji a baranda. Ni da Ardo da wasu magidanta mun kai magana gaban alƙali, muna neman a tabbatar cewa Jan Ruwa da burtalinsa mashayar jama'a ce tun kaka da kakanni. Zan ba da shaida. In an ce in rantse zan yi alwala in rantse, in an ce in nuna zan ɗauki sandata in bi layin aguwa daga farko har bakin ruwa. In kuma kwamiti ya riga alƙali zuwa, za su tarar da ni zaune a wurin da za su kafa turken farko.

Ciyaman zai kira ka ya ce ka yi wa mahaifinka magana. Ka gaya masa gaskiya, ka ce tun kafin a haife ka ake yi mini magana ba na ji. Mai yiwuwa ya sauke ka. Na san abin da kujerar nan take a wurinka. Na ga shekarun da ka yi kana jiran albashin da ba ya zuwa kan kari, na ga yadda matarka ta yi guɗa ranar nan. Ban raina wannan ba, kuma ba na jin daɗin cewa ni ne zan iya zama sanadin rasa ta. Na kwana da abin, na tashi da shi, ban ga wata hanya ba.

Ban ce ka ajiye aiki ba. Ban ce ka yi faɗa da kowa ba, ba halinka ba ne. Abu ɗaya nake nema. In takardar Jan Ruwa ta zo teburinka, ka ce magana tana gaban alƙali, a jira. Ko sun yi fushi, ko sun yi maka daɗin baki, ko sun turo maka malami, ka ce a jira. Wannan bai fi ƙarfin bakinka ba.

In kuma ka sa hannu, ɗana ne kai, akushina a buɗe yake gare ka har in mutu. Amma in alƙali ya tambaye ni su wa suka yanka mashaya, zan lissafa su, kuma ba zan tsallake suna ba. Kada ka turo wa mahaifiyarka saƙo ta zo tana yi mini kuka, ta riga ta gwada. Ranar da muka haɗu a bakin ruwa kana cikin 'yan kwamiti, kada ka taso ka durƙusa mini a gabansu don a ga ladabi. Ka tsaya inda aikinka ya tsayar da kai, ka yi mini tambaya yadda za ka yi wa kowane tsoho, ni kuma in amsa maka da hankali.

Gonarka ta gabas, da na yi niyyar ba kawunka aro tunda an ce ka zama gwamnati. Na fasa. Na ce wa Ardo da an kwashe kara ya kawo shanunsa su kwana a cikinta har rani ya raba, ta sha taki sosai. Irin gero ma na ware maka, yana rataye a rumbu. In ka daɗe a kujera, ba a yi asara ba, sai in sa a nome maka. In kuma ka dawo kafin damina, za ka tarar da ita a shirye, kuma ba wanda zai tambaye ka komai a zauren nan.

Allah ya tsare ka a tafiya da zama. Allah ya tsare hannunka daga abin da zai bi ka kabari, ya tsare cikinka daga abin da ba naka ba. Allah ya haɗa ka da na kirki in akwai su a wurin, ya ba ka ido ka gane sauran. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ko da wace riga. Ka gai da wanda ya tambaye ni don Allah.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Mati